Haƙorin da Kawu Ya Shuka a Bakin Teku

A shekarar da fara ta taso daga wajen teku ta sauka a gonakin dabinon Jurf a gefen Madina, watanni kaɗan kafin korona ta sa a rufe Harami, matata ta samu ciki. Shekara goma sha tara muna jira. Matan unguwa suna ta kama fara a buhu suna soyawa da yaji, ita kuwa ko ƙaurin ba ta iya shaƙa. Da haka Gwaggo, matar Kawu, ta gane tun kafin mu gane.

Ni ba mai gaggawa ba ne. Aikina ma bai yarda da gaggawa ba. Ina kankare kifi a wani gidan abinci a unguwar Sultana, in farke cikinsa, in wanke, in miƙa wa mai suya. Duk safiya mota mai sanyi tana kawo shi daga Yambu'u, garin da ke bakin teku. Na daɗe ina taɓa kifin teku, amma har zuwa wannan shekarar ban taɓa sa ƙafata a cikin tekun ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun da na zo daga Chadi. A gidansa, sama da ƙofar ɗaki ta ciki inda maƙwabta ba za su gani ba, akwai wani abu a rataye mai kama da allo siriri, tsawonsa ya fi hannuna tun daga kafaɗa. Gefe da gefe haƙora ne a jere kamar na zarto. Bakin wani kifi ne da Larabawan gaɓa suke kira Abu Minshar. Kawu yana ce masa mai zarto.

A cikin Hausawan unguwarmu kowa ya san amfaninsa. In jariri ya fara haƙori, zawo da zazzaɓi suka sa shi gaba, sai uwar ta goyo shi zuwa gidan Kawu. Ya ɗauko awartaki ya cire haƙori ɗaya daga zarton, ya goga a kan dutse da ɗigon zamzam har ya yi fari kamar kunu, ya shafa wa yaron a dasashi. Sauran haƙorin ya ba uwar ta ajiye. Ba ya karɓar komai. Kuma ba a maimaita haƙori ga yaro na biyu. Kawu ya ce haƙori baki ɗaya ya sani.

Ɗansa, taubashina, haifaffen Madina ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa sai in zai tsokane ni. Bai yarda da abin ba ko kaɗan.

"Ya Abuya, wannan kalam fadi ne," haka yake cewa, wato zancen banza. "Ga mustashfa nan kusa," yana nufin asibiti.

"Kai da mustashfa aka yaye ka?" in ji Kawu. "Buɗe bakinka in gani. Duk waɗannan da kake cin naman mutane da su, na wa ne?"

In an ci abincin Juma'a an kawo shayi, Kawu yakan ba da labarin yadda ya samu zarton. Yana saurayi ya yi aiki a jirgin wasu masunta a gaɓar Yambu'u. Wata rana suka jefa taru a wani lungun teku mai laka, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, sai zarton ya sarƙe a tarun. Mutum huɗu suka ja. Mace ce, ta fi jirgin tsawo. Da suka fito da ita kan yashi suka farke ta, sai ga 'ya'ya bakwai sun zubo, kowanne kamar kamu ɗaya, suna motsi.

"Ku ji ikon Allah," Kawu yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Kowane ɗa da ɗan zartonsa, amma a cikin kube mai laushi, kamar wuƙa, don kada ya yanki uwarsa kafin ya fito."

In wani ya tambaya me aka yi da 'ya'yan, sai ya yi dariya ya ce tsuntsaye ma ai bayin Allah ne, sun samu kalaci. Mu ma mu yi dariya. Na ji labarin nan ba adadi ban ji komai a raina ba. Ranar da ya ba da shi matata tana zaune da ciki, na ga ta ajiye kofin shayinta ta tashi ta fita.

Tun farkon aurenmu Kawu ya ɗaura jan zare a kan haƙori ɗaya, can kusa da gindin zarton. Ya ce mini, "Wannan naka ne, ɗan nan. Ko shekara nawa ne zai jira." Ina zuwa duk Juma'a ina ɗaga kai ina kallo. Gefen dama ya ƙare. Gefen hagu ya fara zama giɓi kamar bakin tsohuwa. Haƙoran ba sa sake tsirowa, rami ne kawai yake saura. A shekarar fara, mai jan zaren nan kaɗai ya rage. Wata 'yar Sudan ta zo da jikanta tana kuka, Kawu ya ba ta haƙuri ya ce mai shi yana hanya.

Abin da ya dame shi shi ne yaran da za su zo bayan nawa. Ya sha aikawa wurin direbobin motar kifi su nemo masa wani zarton, kowa ya dawo ya ce babu. Wannan bai taɓa tayar masa da hankali ba, domin shi ɗan tafki ne, a bakin Tafkin Chadi ya tashi. A can in ruwa ya janye, gaiwa takan shige cikin laka ta naɗe ta yi barci, ƙasa ta bushe a kanta ta tsattsage, wanda bai sani ba ya rantse babu rai a wurin. Ruwa na sauka sai ta farka. A wurin Kawu kifi ba ya ƙarewa, kwanciya yake yi.

"Fara ba ta zuwa sai ƙasa ta jiƙa," ya ce mana. "Bana an yi ruwa a gaɓa. Mai zarto ya farka. Ku kai ni."

Ranar da za mu tafi, da safe, na ga ya sa an sauko da zarton, ya cire haƙorin mai jan zare ya sa a aljihun gaba. Ya ce yana tsoron a zo roƙo ba ya nan, Gwaggo kuma zuciyarta ba ta da ƙofa. Matata ta ja ni gefe.

"Malam, ka karɓo mini shi in ajiye a akwatina."

"Ba a bayarwa sai yaro ya zo. Kin san dokarsa."

"To ka ce ya bar shi a gida."

"Aljihun Kawu ai gida ne," na ce mata.

Ta dube ni ta juya.

Taubashina ne ya tuƙa mu. Muka wuce Bi'ir Ali, inda ake ɗaura niyyar umara, manyan motoci cike da masu harami farare fat suna ta talbiya, babu wanda ya san saura kaɗan wurin ya zama wayam. Bayan mun bar gari fara ta dinga faɗowa a gilashin mota tana fashewa, ruwan gilashi ya ƙare, muna kallon hanya ta cikin wani rawayan maiƙo.

"Kai mai kankara," in ji taubashina, "ka ga abin da kuka ja mini? Ranar hutuna guda, ina yawon neman kifi kafinta."

"Tuƙa dai, bawana. In mun samu, kai za ka ɗauko shi a ka."

A kasuwar kifi ta Yambu'u muka fara tambaya. Yawancin masu sayarwa samari ne baƙi, ba su ma san sunan ba. Ɗaya ya kai mu wurin wani kifi mai dogon baki kamar tsinke, Kawu ya yi tsaki. A jikin bango akwai allo mai hotunan kifaye. A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Na ga hoton mai zarto, na tsaya na haɗa kalmar da ke ƙarƙashinsa har ta fito: mamnu'i. An hana. Ban gaya wa Kawu ba.

A bayan kasuwa muka samu wani tsohon masunci Balarabe yana ɗinkin taru, tsaran Kawu ne ko ya ɗan girme shi. Suka gaisa suka daɗe suna tambayar juna jiragen da da masu su, duk sun mutu. Sannan Kawu ya kawo maganar.

"Abu Minshar?" in ji tsohon. Ya ajiye allurarsa. "Allah ya jiƙansa."

"Mutum ne da za ka ce Allah ya jiƙansa?"

"Ya Hajji, rabona da shi tun babban ɗana bai yi aure ba, yanzu ɗan nawa yana aurar da nasa 'ya'yan. Ba ni kaɗai ba, tambayi duk wanda ka ga dama daga nan har kudu."

Ya ce kifin ya zaɓi wurin zama mara kyau, bakin gaɓa, inda kowa yake jefa taru, inda kuma ake cikewa a yi gini. Kowane kifi yana iya zamewa ta idon taru, shi kuwa zartonsa ne yake kama shi, ko ba shi aka fito nema ba. Ga shi ba ya zuba ƙwai dubbai kamar sauran kifaye. Haihuwa yake yi kaɗan-kaɗan, kuma ɗan yakan daɗe kafin ya isa haihuwa.

"Yana cikin laka," in ji Kawu. "Barci yake yi. Ku ba ku san kifi ba."

Tsohon ya dube shi da tausayi. "Teku ba ta bushewa, ya Hajji. Me zai sa shi barci?"

Taubashina ya latsa wayarsa ya karanta mana da Larabci. Masana sun sa kifin nan a matakin da daga shi sai a ce ya ƙare a duniya, kuma a wurare da yawa da aka san shi da, an daina ganinsa sam. Ya karanta ba tare da tsokana ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Kawu ya ce wayar ta taɓa shiga ruwa?

Ya ce mu kai shi lungun da suka kama uwar kifin nan. Ba suna ya bi ba, siffar dutsen da ke bayan gari ya bi, yana cewa a yi dama, a yi hagu, har muka bar kwalta. Muka isa. Rabin lungun ya zama tudu. Manyan motoci suna zuwa da baya suna juye duwatsu a cikin ruwa, ƙura tana tashi, an ja shingen waya. A ɗaya gefen ne kawai ya rage 'yan itatuwan shura, waɗanda suke tsirowa a ruwan gishiri, ledoji sun maƙale a rassansu. Ruwa ya janye, laka baƙa ta fito tana wari.

Kawu ya cire takalma ya naɗe wando. Ya shiga lakar da sandarsa, ya soka, ya buga ƙafa, ya sunkuya ya kasa kunne. Haka ake neman gaiwa a tafki, in ka buga ƙasa a kanta takan yi gurnani. Ya matsa gaba ya sake. Tsoho mai shekara kusan tamanin, farar riga, yana sauraren laka, motoci suna ƙara a bayansa.

"Abuya, halas, ya isa," in ji taubashina. Muryarsa ta canza. Ya juyo gare ni ya yi Hausa sosai, abin da ba ya yi. "Don Allah bi shi, kada ya faɗi."

Na cire takalma na bi shi. Ranar ce na fara taka teku. Lakar tana da sanyi tana riƙe ƙafa, ga saiwoyin shura sun tsiro sama tsaye kamar ƙusoshi, dubbai, sai ka zaɓi inda za ka taka.

Na same shi a tsaye a gindin wata itaciya, ya daina bugawa.

"Sun yi nisa ƙasa," ya ce. "Hayaniyar nan ta kore su. Sai an kira su."

Ya sa hannu a aljihun gaba.

Na san al'adar, mahaifiyata ta sha gaya mini. A tafki, in kifi ya yi ƙaranci, masunta sukan mayar wa ruwa ƙashin irin kifin da suke nema, su tura shi cikin laka da bisimilla. Suna ce masa iri, kamar na gero. Sai a lokacin na gane ba don Gwaggo ya ɗauko haƙorin ba.

"Kawu," na ce, "nawa ne."

"Naka ne mana. Shi ya sa zai yi. Ana shuka da abin da ba a so?"

"Shekara goma sha tara, Kawu."

"Na fi ka sani, ni na ɗaura zaren. Saurara, ɗan nan. Yau cikin wata nawa? Kafin a haihu, kafin yaro ya fara haƙori, shekara ta zagayo. Mu dawo nan mu tarar da zarto sabo, haƙori hamsin da wani abu. Naka ya samu, na bayansa su samu. In ka cinye iri, me za ka girba?"

"In bai zo ba fa?"

"Ka taɓa ganin an yi ruwa gaiwa ba ta fito ba?"

Haƙorin yana tsakanin yatsunsa biyu, jan zaren ya koɗe ya zama kamar ƙasa. Tsakanina da shi bai fi taki ɗaya ba. Amma mutumin da ya riƙe ka, ya yi maka aure, ba ka murɗe masa hannu. Ya sunkuya ya yi bisimilla ya tura shi da babban yatsa har yatsan ya nutse, ya shafe wurin da tafin hannu kamar mai lallashin yaro.

Taubashina ya zo ya kama shi suka nufi mota. Na tsaya a baya kamar zan wanke ƙafa. Ruwa ya fara dawowa, siriri, mai duhu, ya rufe wurin. Na durƙusa na cusa hannu. Duk inda na taɓa abu mai tsini ne, saiwa, saiwa, wata saiwar. Kowacce na kama sai in ji kamar shi ne. Ina nan har ruwa ya kai mini gwiwar hannu, wani mai gadi daga bakin shinge ya daka mini tsawa ya ce in fito.

A hanyar dawowa Kawu ya yi barci hankalinsa kwance. Ni da taubashina ba wanda ya tsokani wani har Madina.

Na gaya wa matata a tsaye, ban ko zauna ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannu a cikinta ta ce, "To. Allah ya sa ya tsiro." Daga ranar ba ta sake zuwa cin abincin Juma'a ba.

Ba a jima ba aka daina Juma'ar ma. Aka rufe Harami, aka rufe hanyoyi, motar kifi ta daina zuwa, Sultana ta yi tsit har kana jin kukan kyanwa daga wancan titin. Korona ta shiga gidan Kawu. Kafin a ɗauke shi zuwa asibiti ya kira ni a waya, numfashinsa yana yankewa, abin da ya tambaya shi ne ko na ji an sake yin ruwa a gaɓa. Na ce an yi. Ban sani ba ko an yi. Bai dawo daga asibitin ba. Mutum kaɗan aka bari suka raka shi makwancinsa, ban samu shiga cikinsu ba.

Aka haifa mana mace. Da ta kai wata bakwai haƙori ya zo mata da zafi, zawo da zazzaɓi har idanunta suka faɗa. Wata maƙwabciya ta kawo haƙorin da aka yi wa ɗanta amfani da shi shekarun baya, a ƙulle a tsumma. Matata ta yi godiya ta mayar mata. Ta ce mai abin ya ce baki ɗaya ya sani. Taubashina ne ya kai mu asibiti, aka ƙara wa yarinyar ruwa, matata tana zaune tana shafa mata dasashi da yatsa, ba komai a yatsan. Allah ya tashi kafaɗarta. Ban san ko haƙorin zai yi wani abu ba da yana nan. Na dai san yadda matata take kallon yatsanta.

Da aka buɗe hanya muka koma ni da taubashina, shi ya ce mu je. Dutsen yana nan, da shi muka gane wurin. An shimfiɗa kwalta har bakin ruwa, an kafa fitilu, an ja farin layi na ajiye motoci. Ba laka, ba shura ko ɗaya. Muka nemi tsohon masuncin a bayan kasuwa, aka ce ya daina fitowa.

Gwaggo ta ba ni zarton, yana rataye a ƙofar ɗakinmu ta ciki. Yarinyar ta yi wayo yanzu, in na ɗaga ta takan sa yatsa a ramukan tana tambayata da Larabci mene ne wannan. Nakan ce bakin kifi ne. Ta ce ina kifin. Har yanzu duk safiya in motar Yambu'u ta zo nakan tambayi direba, shi ma ya saba, tun kafin in buɗe baki yake girgiza kai.

Na ƙirga ramukan, hamsin da huɗu ne. Hamsin da uku sun tafi bakin yaran unguwa, ɗaya yana ƙarƙashin kwalta. Uwa ɗaya, da 'ya'yanta bakwai a kan yashi. Lungun teku ɗaya da itatuwansa. Sai Kawu.